Ina Zan Nufa da Wannan Ciwon? Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Wurin Neman Lafiya

Na daɗe ina karɓar marasa lafiya a bakin ƙofar sashen gaggawa, kuma kusan kullum sai na ga mutum biyu da suka yi saɓanin hanya. Ɗaya ya kwana a kan benci saboda murar da hutu kaɗai zai warkar, ɗayan kuma ya kwana a gida da ciwon da ba zai iya jira fiye da sa'o'i kaɗan ba. Dukansu sun damu da lafiyarsu, ƙofar da za su ƙwanƙwasa ce ba su sani ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda majinyata da masu jinya suka fi maimaita mini. Za ku ga abu ɗaya yana ta dawowa a cikin amsoshin: kafin mutum ya tambayi inda zai je, ya fara tambayar kansa tsawon lokacin da ciwon zai iya jira. Wannan shafi ba ya maye gurbin ganin ma'aikacin lafiya ido da ido.

1. Wuraren neman lafiya iri nawa ne, kuma me ya bambanta su?

Sunayen suna canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin kusan ɗaya ne, kamar matakalar bene. A ƙasa akwai jinyar gida da kemis. Sama da su akwai ƙaramin asibiti ko cibiyar lafiya ta matakin farko, inda ake duba ciwukan yau da kullum, a yi rigakafi, a yi awon ciki, a bibiyi masu hawan jini da ciwon suga. Sai babban asibiti mai ɗakin tiyata da gadajen kwanciya da ɗakin gwaji da na ɗaukar hoto. A can sama kuma asibitin ƙwararru ko na koyarwa, inda ake tura abin da ya gagari na ƙasa.

Sashen gaggawa ba ya bin wannan jeri. Ƙofa ce da aka bari a buɗe dare da rana domin ciwon da zai iya ɗauke rai ko nakasa mutum idan aka jinkirta. Tun taron kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa matakin farko shi ne ginshiƙin kiwon lafiya, aka kuma sake jaddada hakan a birnin Astana a 2018, domin mafi yawan abin da ke damun mutane a nan ake gama shi.

2. Ta yaya zan gane cewa ciwon na gaggawa ne?

Ka duba abu uku: numfashi, jini, da hayyaci. Mutumin da numfashi ke yi masa wuya har ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓɓansa suka canza launi, ko fuska da harshe suka kumbura bayan shan magani ko harbin ƙwaro, ba ya jiran gobe. Haka wanda jini ke zuba daga jikinsa an danne ya ƙi tsayawa, ko yana aman jini, ko yana bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Haka wanda ya suma, ko ya ruɗe bai san inda yake ba, ko ana tashinsa yana komawa barci, ko jijjiga ta kama shi ta wuce minti 5.

A ƙara da ciwon ƙirji mai danna, karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani da ya faɗo lokaci guda irin wanda mutum bai taɓa ji ba, ɗaukewar gani, zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, da shan guba ko magani fiye da kima. Duk waɗannan sashen gaggawa ne kai tsaye.

Abu na huɗu da nake so a riƙe shi ne saurin canji. Ciwon da ya yi wata uku yana nan yadda yake zai iya jiran ranar ganin likita. Wanda da safe mutum yana yawo, da rana ya kasa tashi zaune, wannan gudu yake yi, ko da ba a san sunansa ba.

3. Ba gara in wuce babban asibiti kai tsaye ba, tunda can ne kayan aiki suke?

Idan ka ga ɗaya daga cikin alamomin tambaya ta 2, wuce, kada ma ka tsaya a hanya. Idan babu, zuwa can sau da yawa wahala ce kawai za ka ƙara wa kanka. Za ka daɗe a layi, likitan da zai gan ka bai san tarihinka ba kuma da wuya ya sake ganinka, sannan ka zauna cikin masu tari da masu amai da ɗan ƙaramin ciwonka. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da ya auna hawan jininka sau biyar a shekara ya fi wanda ya auna sau ɗaya sanin ko yau akwai matsala. Idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai rubuta maka takardar turawa, kuma wannan takarda tana rage maka yawo sosai a babban asibiti, domin ta faɗi sashen da za ka nufa da abin da aka riga aka gwada.

4. Na riga wani zuwa amma aka shiga da shi aka bar ni. Wannan ba son kai ba ne?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini da fushi, kuma ban taɓa ganin laifin mai yin ta ba, domin zaman jira da ciwo a jiki ba daɗi. Sai dai sashen gaggawa ba ya bin wanda ya fara zuwa, yana bin wanda ya fi kusa da halaka. Ana danganta asalin wannan tsari na tantancewa ga Dominique Jean Larrey, likitan tiyata na rundunar Napoleon ta Faransa, wanda ya riƙa duba sojojin da suka ji rauni bisa munin raunin, ba bisa girman muƙami ba.

Yau asibitoci da yawa suna amfani da launuka. A tsarin Manchester na Ingila, ja yana nufin a duba nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya cikin awa 1, kore cikin awa 2, shuɗi cikin awa 4. Wasu wuraren launi uku kawai suke da su. Mutumin da aka wuce da shi yana tafiya da ƙafarsa wataƙila an auna bugun jininsa ko iskar jininsa an ga abin da ido ba ya gani. Idan kana jira sai ka ji ciwon ya ƙaru, ko majinyacinka ya fara wani irin barci, tashi ka faɗa wa nas. Launin da aka ba ka yana iya canzawa, kuma ba za mu sani ba sai an gaya mana.

5. Wane irin ciwo ne za a iya jinyarsa a gida?

Mura, ɗan ciwon maƙogwaro, ciwon kai na gajiya, ƙaramin yanka ko ƙujewa, targaɗen da mutum ke iya takawa, gudawar kwana ɗaya ga babban da ke iya shan ruwa. Hutu, yawan shan ruwa da farasitamol sukan isa. Babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini, kuma a karanta jikin kwalin maganin mura, domin da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba, hanta kuwa ba ta nuna ta ji rauni sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Jinyar gida tana buƙatar wa'adi. Ka ce wa kanka, idan kwana uku suka cika ban ga sauƙi ba, ko wata sabuwar alama ta fito, zan je a duba ni. Jariri, mai ciki, tsoho, mai sikila, mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, nasu wa'adin gajere ne ƙwarai. Dubi tambaya ta 8 da ta 12.

6. Me kemis zai iya yi mini, me kuma ba aikinsa ba ne?

Ƙwararren mai harhaɗa magunguna masani ne, kuma mutane ba sa cin moriyar iliminsa yadda ya kamata. Zai gaya maka ko magunguna biyu da kake sha suna karo da juna, ko wani bai dace da mai ciki ba, ya ba ka na ƙaiƙayi ko na mura ko na ƙwarnafi, wani ma ya auna maka hawan jini. Amma ka bambanta shi da wanda ke sayar da magani kawai ba tare da horo ba. Ko shi ƙwararren ba zai taɓa cikinka ya gane afendis ba, ba zai saurari huhunka ba, ba shi da na'urar hoton ƙashi. Idan ka koma sau biyu a kan ciwo ɗaya, ko ya ce maka je asibiti, to je.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen antibayotik ba tare da an duba mutum ba. Waɗannan magunguna bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos ɗin da ke kawo mura. Shan su barkatai shi ke koya wa ƙwayoyin cuta bijirewa, kuma an ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai cututtukan da suka bijire wa magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya. Allura da ƙarin ruwa ma ba su ne alamar an yi wa mutum magani mai ƙarfi ba. Wanda ke iya haɗiya, ƙwaya takan yi masa aiki ɗaya ba tare da haɗarin huda jijiya ba.

7. Zazzaɓi ne ya kama ni. In sha magani ne ko in je gwaji?

Zazzaɓi alama ce, kuma cututtuka da dama suna fitowa ta ƙofarsa. A wuraren da ake da zazzaɓin cizon sauro, ko ga wanda ya dawo daga irin waɗannan wurare, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2010 ta ba da shawarar a yi gwaji kafin a ba da magani. Gwajin ɗigon jini na yatsa yana fitowa cikin kamar minti 15 zuwa 20, kuma ƙaramin asibiti ya isa. Idan gwajin ya nuna babu, kada a dage sai an sha maganin maleriya, a nemi ainihin dalilin, wataƙila a huhu yake, ko a fitsari, ko a maƙogwaro.

Zazzaɓin da ya zo da ruɗewa, jijjiga, numfashi sama-sama, aman duk abin da aka sha, idanu rawaya, fitsari baƙi ko ɗaukewar fitsari gaba ɗaya, wannan na asibiti mai gadon kwanciya ne. Maleriya mai tsanani allurar atesunet take buƙata, ƙwaya ba ta riƙe ta.

8. Yarona ba shi da lafiya. Yaushe zan ɗauke shi in fita ko da tsakar dare ne?

Uwa, ki fita idan ya ƙi kama nono ko ya kasa shan komai, idan yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, idan ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas kina tashinsa da ƙyar. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zafin jikinsa ya kai digiri 38, ba a jinyarsa a gida ko da kuwa yana wasa.

Ki koyi ƙirga numfashi, domin da shi ake kama ciwon huhu tun da wuri. Ki jira ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa, ki sa ido a kan cikinsa, ki ƙirga ɗagawarsa na minti ɗaya cur da agogo. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan kuma kin ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ba sai kin ƙarasa ƙirgar ba.

Gudawa kuwa, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti tun a gida, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, ki ci gaba da shayarwa. Idan idanu suka faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ko kika ga jini a kashinsa, sai asibiti. Kuma ko ba ki ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba amma zuciyarki ta ce yaron nan ba haka yake ba, ki kawo shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma na ga sau da dama uwa ta riga ma'aunin zafi gane matsala.

9. Bakin mahaifina ya ɗan karkace, maganarsa ba ta fita sosai. Mu bari ya huta zuwa safe?

Kada ku bari. Ku ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya maimaita gajeriyar magana. Idan ɓangare ɗaya na fuska ya zube, ko hannu ɗaya ya sauka da kansa, ko harshe ya yi nauyi, shanyewar ɓarin jiki ce har sai hoto ya nuna ba ita ba ce. Ku nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ko da akwai ƙarami kusa da ku.

Ba na manta wani saurayi da ya kawo mahaifinsa da hantsi. Ya ce da daddare kofi ya suɓuce daga hannun tsohon, ya sunkuya zai ɗauka ya kasa, suka ce gajiya ce, suka shafa masa man zafi suka kwantar da shi. Na tambaye shi ƙarfe nawa suka gan shi lafiya lau na ƙarshe. Ya ƙirga da yatsunsa, awa goma sha uku. Yana ƙirgawa yana kallon fuskata, ya gane amsar kafin in buɗe baki. Ba sakaci ne ya hana su ba, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wannan ciwo da agogo yake tafiya.

Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa yawanci cikin awa 4 da rabi ake ba da shi, shi ya sa tambayar farko ita ce lokacin da abin ya fara. Ku duba agogo ku riƙe. Kada ku ba shi abinci ko ruwa, haɗiyarsa tana iya sarƙewa. Kada ku ba shi asfirin, domin idan jijiya ce ta fashe jini zai ƙaru, kuma hoto ne kaɗai ke bambanta biyun. Idan alamomin suka ɓace bayan minti kaɗan, duk da haka ku je a ranar, gargaɗi ne na babba da ke iya biyowa. Idan kuma lokacin ya riga ya wuce, ku je, akwai sauran taimako da yawa.

10. Ciwon ƙirji nake ji, amma ina jin olsa ce. Ya zan bambanta?

A gida ba za ka iya bambantawa da tabbaci ba, kuma mutane da yawa sun sha maganin olsa a kan ciwon zuciya. Ciwon da ke danna ƙirji kamar an ɗora dutse, yana miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi ko tashin zuciya ko ƙarancin numfashi, na sashen gaggawa ne. Gwajin bugun zuciya na 'yan mintuna ne, da gwajin jini, su za su raba gardama. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin ma, sai wata irin gajiya da haki. Kada ka tuƙa kanka, dubi tambaya ta 15.

11. Ciwon ciki fa? Ai kowa yana yi.

Kowa yana yi, mafi yawansa kuma yana wucewa. Wanda ba a wasa da shi shi ne mai ƙaruwa awa bayan awa, wanda ya sa ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa, wanda ya fara a cibiya ya koma ƙasan dama irin na afendis, ko wanda ya zo da kumburi da amai, bayan gida da tusa suka tsaya. Ƙabar da ta fito ta ƙi komawa tana ciwo ita ma haka. Duk waɗannan asibiti mai ɗakin tiyata suke so, kuma a daina ci da sha har likita ya gani.

Abu biyu kunya take sa a ɓoye. Macen da al'adarta ta yi jinkiri ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da jiri ko ɗigon jini, yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Yaro ko saurayin da maraininsa ya kama ciwo farat ɗaya, yana iya zama murɗewa ce, kuma kimanin awa 6 ake da su kafin a rasa shi.

12. Ina da juna biyu. Me zan kai wa ungozoma a ranar awo, me kuma ba zai jira ba?

Ƙwarnafi, ciwon baya, ɗan kumburin ƙafa da yamma da laulayin da bai hana ki ci ba, ki ajiye su zuwa ranar awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, kuma a nan ake kama hawan jinin ciki, wanda ake ƙirgawa daga 140 bisa 90.

Zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ko raguwar motsin jariri, ki tafi sashen haihuwa a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Bayan haihuwa ma ba a fita daga haɗari ba har makonni shida, jini mai yawa, wari, zazzaɓi ko ciwon kai irin wancan duk na komawa ne. Tun cikin yana ƙarami ki tambayi inda kike awo ko suna yin tiyata da ƙarin jini, idan ba sa yi kuma ina suke turawa.

13. Na ji rauni. Wanne ake ɗaurewa a gida, wanne ake kai wa asibiti?

Yankan da ya tsaya da jini bayan an danne shi minti 10, bakinsa bai buɗe ba, a wanke da ruwa mai tsabta a rufe. Wanda ya wage, ko ya yi zurfi, ko yana fuska ko kan gaɓa, ko yatsa ya mutu a ƙasansa, ɗinki yake so, kuma ɗinki ya fi kamawa cikin sa'o'in farko. Ƙusa ko raunin da ƙasa ta shiga, a tambayi allurar tetanus. Abin da ya soki jiki ya maƙale, kada a zare shi.

Gaɓar da ta lanƙwashe, ko ba a iya taka ta, ko ƙashi ya huda fata, tana buƙatar hoto kafin kowa ya ja ta. Na ga hannuwan yara da aka ɗaure tamau a kan karaya har jini ya daina isa yatsu. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko ciwon ya fi na farko bayan ɗauri, a kwance a tafi asibiti. Buguwar kai kuma, ko ba a ga jini ba, idan an suma, ana amai, barci ya yi yawa, ko mutumin yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, sai an duba shi a ranar. Wanda ya faɗo daga sama ko ya yi haɗarin mota yana kukan wuya, kada a ɗaga shi a zaunar.

14. Ƙuna, cizon kare, saran maciji: ƙaramin asibiti ya isa?

Ƙuna, a fara sakar mata ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma kada a shafa komai. Idan ta fi tafin hannun wanda ya ƙone girma, ko tana fuska, hannu, al'aura ko kan gaɓa, ko ta lantarki ce ko ta sinadari, ko jariri ne, sai asibiti. Ƙunar da ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi ita ce mafi zurfi.

Cizon kare, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a nemi inda ke da allurar haukan kare a ranar, ko da cizon ɗan ƙarami ne. Wannan ciwo idan alamominsa suka bayyana kusan ba a tsira, allurar kuwa tana hana shi idan an fara da wuri. Saran maciji, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa inda ke da maganin dafi. A cizon kare da saran maciji, girman asibitin ba shi ne abin tambaya ba, a buga waya a ji ko suna da maganin a hannu.

15. In kira motar asibiti ne ko in kai shi da kaina?

Inda ake da motar agaji mai zuwa da wuri, a kira ta ga wanda ya suma, mai ciwon ƙirji, mai wahalar numfashi da wanda ake zargin ya ji rauni a wuya ko baya, domin jinya tana farawa tun a cikinta. Lambar ta bambanta: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da wasu da dama, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka. Ka san ta wurin da kake tun kafin ranar buƙata. Inda babu ko za ta daɗe, a tafi da abin hawan da aka samu, wani ya tuƙa, wani ya zauna da majinyacin. Wanda ba ya cikin hayyacinsa amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kada amai ya shaƙe shi.

16. Ciwon ba ya tsanani amma ya ƙi tafiya. In nemi ƙwararre da kaina?

Ka fara da likitan gama-gari. Jiri kaɗai yana iya fitowa daga kunne, ko zuciya, ko ƙarancin jini, ko wani magani da kake sha, kuma idan ka zaɓi ƙwararre da kanka zai duba ɓangarensa ne ya ce lafiya lau, ka fita da jirinka.

Amma rashin tsanani kada ya sa ka yi watanni. Tarin da ya kai mako 2 yana buƙatar gwajin tarin fuka. Rama ba dalili, ƙullutu a nono ko wuya, jini a fitsari ko bayan gida, jini bayan ɗaukewar al'ada, wahalar haɗiya, gyambon da ya ƙi warkewa musamman a ƙafar mai ciwon suga, duk a gan su cikin kwanaki. Waɗannan ba na gudu da dare ba ne, sai dai su ne suka fi cin mutane a ɓoye, saboda ba sa hana zuwa aiki.

17. Damuwa ce ta yi mini yawa, ba na barci, ba na jin daɗin komai. Wannan ma na asibiti ne?

Na asibiti ne, kuma ƙaramin asibiti ma ana iya farawa. Ciwon damuwa yana da magani, ta hanyar tattaunawa da ƙwararre ko ƙwaya ko duka biyun. Idan tunanin kashe kai ya fara zuwa, ko mutum yana jin muryoyi, ko mai jego ta rikice bayan haihuwa, gaggawa ce daidai da zubar jini, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Wanda aka yi wa fyaɗe, mace ko namiji, ya je asibiti da wuri, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

18. An duba ni an sallame ni, amma ban ji sauƙi ba. In koma can ko in canza wuri?

Idan alamomin tambaya ta 2 suka fito, sashen gaggawa mafi kusa. Idan ba haka ba, komawa wurin farko ya fi, domin ciwo yakan ƙara bayyana kansa a kwana na biyu ko na uku, kuma wanda ya gan ka jiya shi zai gane abin da ya canza. Neman ra'ayin wani likita haƙƙinka ne, sai dai ka tafi da komai a hannu: sakamakon gwaji, hotuna, takardar sallama da kwalayen duk magungunan da ka sha, har da waɗanda ka saya da kanka. Kada ka ɓoye inda ka riga ka je, ba don faɗa muke tambaya ba, gudun kada a maimaita maka magani ɗaya sau biyu ne.

Kafin ka bar ɗakin likita ko yaushe, ka yi tambaya uku: me ake zargi, kwana nawa ya kamata in ga sauƙi, kuma wace alama ce idan na gani zan dawo ba jira. Idan ba za ka riƙe ba, ka roƙi nas ta rubuta maka a bayan katinka.